Saurayina Ɗan Mormon Ne, Wai Sai An Sake Yi Mini Baftisma

Gwaggo, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni budurwa ce mai shekara 27, haifaffiyar Kafanchan, kuma a ECWA na tashi. Babanmu dattijon ikilisiya ne, ni kuma tun ina sakandare nake cikin mawaƙa. A wajen bautar ƙasa a Uyo na haɗu da wani saurayi, muka shaƙu, yanzu duka muna aiki a Abuja, maganar aure kuma ta taso. Gwaggo, ta fannin hali ban ga abin kushewa a wurinsa ba. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ko shayi ba ya sha, kuma bai taɓa nemana da abin da bai dace ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne cocinsu, wadda ake kira Mormon. Ya ce Yesu ɗaya muke bi, Littafi Mai Tsarki ɗaya muke karantawa, amma sai ga shi ya ba ni wani littafi dabam mai shuɗin bango, wai shi ma maganar Allah ce. Wasu samari biyu masu fararen riguna, da sunayensu a manne a ƙirji, suna zuwa koya mini, har sun ce in zaɓi ranar da za a yi mini baftisma. Na ce an yi mini tun ina shekara 15, suka ce waccan ba ta da iko. Da Baba ya ji labari sai ya buɗe Wahayin Yahaya 22:18 ya karanta mini, ya ce duk wanda ya ƙara a kan Littafi ba Kirista ba ne, wai ƙungiyar asiri ce ma, kuma mata barkatai suke aura. Mama kuwa kuka kawai take yi. Ina son mutumin nan, Gwaggo. Shin bambancin ya kai a fasa aure? Ko in yarda a yi baftismar don a zauna lafiya, tunda zuciyata ta san abin da ta gaskata?

'Yarki daga Abuja.

AMSAR GWAGGO

'Yata, zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ta fi tayar mini da hankali. Kada ki shiga ruwan baftisma saboda aure. In kin shiga alhali zuciyarki na wani wuri, kin yaudari saurayin, kin yaudari mutanensa, kuma ke za ki riƙa kwana da abin shekara da shekaru. Ki faɗa wa samarin nan cikin ladabi cewa babu wata rana da za ki zaɓa yanzu.

Sai maganar Baba. A wani wurin ya yi gaskiya, a wani wurin kuma jita-jita ya ji. Auren mata da yawa sun yi shi a zamanin farko, amma shugabansu Wilford Woodruff ya sanar da dainawa a 1890, yau kuma wanda ya ƙara mata korarsa suke yi daga cocin. Ba kuma ɓoyayyun mutane ba ne. Majami'unsu na ranar Lahadi a buɗe suke ga kowa. Sun kafu a Najeriya a 1978, shekarar da suka ɗage hanin da ya hana baƙar fata muƙamin firist a cikinsu, kuma suna da haikali, wato ɗakin ibada na musamman dabam da majami'unsu, a Aba tun 2005. Ƙin shayi da kofi da giya da taba ma doka ce a wurinsu, wadda ta samo asali daga wani wahayi na 1833 da ke rubuce a littattafansu.

Amma zancen saurayinki na cewa duk ɗaya ne, wannan ko cocinsa ba ta faɗi haka ba. Ki tsaya ki ji tushen abin. Joseph Smith, wani matashi a jihar New York ta Amurka, ya ce a 1820 Allah Uba da Yesu sun bayyana gare shi, aka ce masa kada ya shiga kowace coci cikin waɗanda ke nan, domin duk sun kauce. Ya ce daga baya wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa allunan zinariya a binne a wani tudu, ya fassara su, aka buga a 1830. Shi ne littafin nan mai shuɗin bango da ke hannunki. A ciki akwai labarin wani iyali da ya bar Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu ya haye teku zuwa nahiyar Amurka, da labarin cewa Yesu ya ziyarci zuriyarsu bayan tashinsa daga matattu. Allunan ba su nan, Smith ya ce ya mayar wa mala'ikan. Akwai mutum 11 da suka sa hannu cewa sun gan su, amma masu binciken kayan tarihi da ba 'yan cocin ba ba su yarda an samu shaidar waɗannan al'ummai a ƙasa ba.

To a nan ne hanya ta rabu. A ECWA an koya miki littattafai 66, an rufe, ba ƙari. Su kuwa littattafai huɗu suke riƙe da su: Littafi Mai Tsarki, Littafin Mormon, da wasu biyu da suka ƙunshi wahayoyi da rubuce-rubucen Smith, wato Koyarwa da Alkawura da kuma Lu'ulu'u Mai Tamani. Ta takwas a jerin aƙidojinsu ta ce sun yarda Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce gwargwadon yadda aka fassara shi daidai, sharaɗin da ba su ɗora wa Littafin Mormon ba. Ƙari a kan haka, shugabansu da ke birnin Salt Lake a jihar Utah annabi ne mai rai a wurinsu, yana iya kawo sabon wahayi. Ayar da Baba ya karanta miki kuwa, sun daɗe da tanadar mata amsa. Za su ce gargaɗin a kan littafin Wahayi kaɗai yake, su buɗe miki Maimaitawar Shari'a 4:2 inda Musa ya yi irin wannan gargaɗi, alhali an rubuta littattafai da dama bayansa. Don haka kada Baba ya zaci da aya ɗaya zai kashe bakin zancen.

Ni a ganina, abin da ya fi littafi nauyi shi ne wane ne Allah. Katolika da Anglika da Baftis da COCIN da ku ECWA, duk da saɓanin da ke tsakaninku, kun haɗu a kan Allah ɗaya cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda aka tsayar tun taron Nikiya a shekara ta 325. 'Yan Mormon ba su karɓi wannan ba. A wurinsu ukun nan dabam-dabam suke, manufa ce ta haɗa su, kuma Uba yana da jiki na nama da ƙashi kamar na mutum. Suna kuma koyar da cewa mai aminci zai iya ɗaukaka a lahira har ya zama kamar Allah. Ke da kika haddace Yahaya 4:24, cewa Allah Ruhu ne, da Ishaya 43:10, inda ya ce ba a yi wani allah kafinsa ba kuma ba za a yi bayansa ba, ki tambayi kanki ko za ki iya tsayawa gaban jama'a ki furta waccan koyarwar.

Baftismarki da suka ce ba ta da iko, ba raini ba ne daga yaran nan, koyarwar ce haka. Sun gaskata ikon manzanni ya ɓace daga duniya bayan mutuwarsu, sai da Yahaya Maibaftisma, sannan Bitrus da Yaƙub da Yahaya, suka dawo da shi ta hannun Smith. Ke nan duk faston da ya taɓa tsoma mutum a ruwa a wajen cocinsu, ba da izini ya yi ba. Daga wancan ɓangaren ma haka abin yake: a 2001 fadar Fafaroma ta yanke cewa baftismar Mormon ba karɓaɓɓiya ba ce. Kin ga kowa ya san akwai katanga, kowa kuma ya faɗa da bakinsa. Su dai suna kiran kansu Kirista, sunan Yesu Almasihu na cikin cikakken sunan cocinsu, kuma ban ga amfanin ku tsaya musu a kan suna ba. Abin da kowa ya gaskata za ku zauna ku baje.

Yanzu ga abin da zai shigo miki har ɗaki. A wurinsu aure mafi daraja shi ne wanda aka hatimce, wato aka ƙulla, a haikali, wanda suka gaskata yana ɗorewa har bayan mutuwa, kuma shi ne hanyar matsayi mafi girma a sama. Ba mai shiga wurin sai ɗan coci mai takardar izini. Wato in kin koma, za a iya yin biki a waje kowa ya zo, amma ranar hatimi Baba da Mama a bakin ƙofa za su tsaya. In kuma ba ki koma ba, mijinki zai zauna yana ganin akwai abin da ya rasa, yana jiran ranar da za ki sauko. Ga 'ya'ya, waɗanda su a shekara 8 suke yi musu baftisma. Ga zakkar kashi ɗaya cikin goma, wace coci za a kai? Har kakanninki da suka rasu za a so a yi baftisma a madadinsu, suna kafa hujja da 1 Korantiyawa 15:29.

Ban ce ki rabu da shi yau ba, mutumin kirki ba a tsintarsa a hanya. Amma a dakatar da kai kuɗin gaisuwa tukuna. Ki zaunar da shi, ba tare da samarin nan ba, ki ce masa: in har na mutu ina ECWA, za ka aure ni a haka, kuma a ina yaranmu za su yi sujada? In ya ce ai a hankali za ki gane, to kin ji amsarki. In ya ce ya yarda, ya zo ya maimaita a gaban Baba da fastonku. Ki kuma je wurin Mama a ƙarshen makon nan ki shaida mata ba a yi miki wata baftisma ba, don ina zaton abin da ke sa ta kuka ke nan.