Tambaya da Amsa: A Hannun Wa Shafukan Aikinmu Za Su Zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu bakwai ne a nan Samaru, Zariya, yawancinmu ɗalibai, muna haɗa wata manhaja ta duba rubutun Hausa wadda muka ajiye tushenta a GitHub domin kowa ya gani, ya gyara, ya yi amfani da ita kyauta. Muna da shafi a Facebook da X, da tasha a Telegram, kuma kalmar sirri ɗaya muke shiga da ita, tana nan rubuce a zaurenmu na WhatsApp. Wanda ya buɗe shafukan da layinsa ya tafi bautar ƙasa, saboda haka duk lokacin da aka nemi lambar tantancewa sai mun jira ya ɗaga waya. Kwanan baya kuma wani ya wallafa ra'ayinsa na siyasa da sunan aikin, har yau ba wanda ya amsa cewa shi ne. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan aiki naku. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne layin waya, ya ma fi maganar siyasar damuna. A zahiri wanda ke riƙe da layi da adireshin imel ɗin da aka buɗe shafi da su shi ne mai shafin, domin can ake aika lambar sauya kalmar sirri, ko da mutum ashirin ne suka san tsohuwar. A yau shafukanku mallakar abokinku ne shi kaɗai, kuma ba sai ya yi mugun nufi ba kafin ku rasa su. Tun daga Disamba 2020 da aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, layin yana ɗaure da sunan mutum ɗaya, idan wayar ta ɓata shi ne zai je ofishin kamfanin a sake masa. Idan kuma layin ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanonin sadarwa sukan karɓe shi su sayar wa wani, sai lambobin tantancewarku su riƙa sauka a wayar baƙon da bai taɓa jin labarinku ba.

Don haka ku fara da buɗe imel na aikin kansa, wanda ba ya ɗauke da sunan kowa, ku kira abokin naku tun zumunci na nan da ƙarfinsa, ku mayar da dukkan shafukan kan wannan adireshi. Mutum biyu, ko uku in ya yi yawa, su ne za su riƙe shi, kuma ina ba da shawara a sa wanda ya zauna daram a Zariya a cikinsu, tun da ɗalibi baƙo ne, shekara huɗu ko biyar ya yi gaba. Tantancewa ta saƙon waya kuma ku bar ta, ku koma ga manhajar tantancewa, wadda ke fitar da lambobi shida da ke sauyawa duk bayan daƙiƙa 30 ko babu sabis. Shi X ma tun Maris 2023 ya keɓe tantancewa ta saƙo ga masu biyan kuɗi kawai. Lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa lokacin saitawa ku rubuta su a takarda, ku ajiye a wurare biyu daban.

Sai maganar kalmar sirri guda. Kamar shago ne a kasuwar Sabon Gari da aka yanka wa kowane yaron shago mabuɗi iri ɗaya: ranar da kaya suka ɓata ba a san wa za a tambaya ba, ranar da ɗaya ya bar aiki kuma dole a sake kwaɗo. Kamfanonin nan sun riga sun yi tanadin da zai raba ku da wannan. A Facebook kowa zai shiga da asusunsa na kansa, a ba shi iko a kan shafin gwargwadon aikinsa, wani cikakken iko, wani wallafawa da amsa saƙo kawai, kuma masu gudanarwa suna ganin sunan wanda ya wallafa kowane rubutu. Ku sani ma cewa dokokin Facebook sun hana raba kalmar sirri, saboda haka hanyar da kuke bi tana iya jawo a rufe asusun. X yana da tsarin wakilci da ke ba mai shafi damar gayyato wasu su wallafa a madadinsa ba tare da sun san kalmar sirri ba. A Telegram ana zaɓa wa kowane mai gudanarwa abin da zai iya yi, ana iya kunna sa hannu a ƙarƙashin saƙo, akwai kuma rajistar ayyukan sa'o'i 48 da suka wuce. Sai dai miƙa mallakar tasha yana buƙatar mai ita ya kasance ya kunna tantancewa mai mataki biyu kwana bakwai kafin nan, don haka ku gaya wa abokin naku ya kunna tun yau.

Inda babu irin wannan tanadi, kamar asusu a dandalin sada zumunta na Mastodon ko shi kansa imel ɗin, ku yi amfani da ma'ajiyar kalmomin sirri irin Bitwarden ko KeePassXC, waɗanda su ma buɗaɗɗun manhajoji ne kamar taku. Wadda ke WhatsApp kuwa ta riga ta fita daga sirri, a sauya ta.

Wa za a ba iko? Nan ne aikin sa kai yake da wuya, domin ƙofarku a buɗe take ga kowa, kuma akwai nauyin ido wajen hana wanda yake taimakawa. Ku tuna abin da ya faru da manhajar xz ta matse fayiloli, wadda ake amfani da ita a Linux, buɗaɗɗen tsarin da ke sarrafa kwamfuta: a Maris 2024 injiniya Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofar kutse da wani ya dasa a ciki, bayan ya shafe kusan shekara biyu yana ba da gudummawa har aka amince masa. Ban kawo wannan don ku zargi juna ba, na kawo shi ne don a riƙa ƙara wa mutum iko sannu a hankali, kamar yadda ba ku barin sabon zuwa ya shigar da gyara a tushen manhaja sai wani ya duba.

Game da rubutun siyasar nan, a ganina kada ku tsaya farautar mai laifi, domin ba ku da hujja, kuma zargi zai watsa ku. Ku goge shi, ku sanar a taƙaice cewa ba matsayin aikin ba ne. Daga nan ku rubuta ƙa'ida mai shafi ɗaya ku sa ta a GitHub kusa da lasisin manhajar: abin da ake wallafawa, abin da sai mutum biyu sun yarda, sunayen masu iko, da cewa duk wanda ya tafi a cire shi a ranar, cikin mutunci da godiya. Muhimman sanarwa su ma ku fara ajiye su a can kafin ku yaɗa, tun da mun ga yadda aka dakatar da Twitter, wato X na yanzu, a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Jerin masu ikon kuma ku riƙa bitarsa a ƙarshen kowane zangon karatu, kafin masu kammalawa su tattara kayansu.