Amsa: Me ya sa Baba ya kasa magana bayan shanyewar ɓarin jiki?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye yana gane maganarku amma kalma ta ƙi fita daga bakinsa, har kina tsoron ko hankalinsa ne ya taɓu. Hankalinsa na nan. Abin da kika kwatanta ya yi kama da larurar da likitoci ke kira afasiya.

A yawancin mutane, cibiyoyin harshe suna ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma wannan ɓangaren ne ke sarrafa hannu da ƙafar dama. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a can, ƙwayoyin wurin kan rasa iskar oksijin, su fara mutuwa cikin mintuna. Shi ya sa magana da hannun dama kan tafi tare.

A 1861 likita Paul Broca na Faransa ya bincika ƙwaƙwalwar wani majinyaci da "tan" kaɗai yake iya faɗa, ya tarar da rauni a gaban ɓangaren hagu. Mai irin wannan zai kalli kofi, ya san na shan ruwa ne sarai, sunan ya maƙale. In raunin yana ta bayan ɓangaren hagun ne, wurin da likita Carl Wernicke na Jamus ya bayyana a 1874, magana za ta riƙa zuba ba ma'ana, fahimta ce ta lalace.

Don Allah kada ku ɗaga masa murya ko ku riƙa ƙarasa masa zance, abin na cin rai. Ku yi gajerun tambayoyi na e ko a'a, ku jira shi. Ku nemi likitansa ya haɗa ku da ƙwararren mai gyaran magana da wuri, domin an fi samun sauƙi a watannin farko.