Kangon Dutse a Bakin Ramin Dalma

Tambaya: Malam, akwai tsohon ginin dutse da mahaƙan ma'adinai suka bari a ƙauyenmu. Mu gyara shi mu zuba hatsi? Daga mai karatu a Anka.

Amsa: Ɗan'uwa, hatsi kam kada ya shiga. Abin tsoron ƙurar dalma da ta maƙale a daɓe da tsagogin bango ce, domin dalma ba ta ruɓewa. Irinta ce ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010. In ginin za a adana, a yayyafa ruwa tukuna, a kankare santimita 5 na ƙasar sama, a binne nesa da rijiya, a zubo sabuwa. Banda shara a bushe. Tsagogi kuwa a liƙe da laka mai tsabta. Banda siminti, domin riƙe danshi yake yi.