Ƙarar "ƙas-ƙas" a lokacin shan kwana

Ka ce motarka tana ƙarar "ƙas-ƙas" duk lokacin da ka sha kwana, amma shiru take idan ka miƙe hanya. Abin da na fi zargi shi ne kan shaf na waje, wato gaɓar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar gaba. Idan robar da ta lulluɓe shi ta yage, giris yana zubewa, ƙasa ta shiga, ƙwallayen ciki su cinye.

Ka samu fili, ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka yi ta zagaye a hankali gaba da baya; idan ƙarar tana maimaituwa, tana kuma ƙaruwa da ka taka totur, to shi ne. Leƙa bayan tayar, sau da yawa za ka ga baƙin giris ya fantsama a jikin rim. Tunda ya fara ƙara, sauya roba kawai asarar kuɗi ce, gara a canza shaf ɗin.

Idan kuwa sau ɗaya ƙarar take bugawa, ko da motar a tsaye, a ɗaga ta a jijjiga tayar don duba bol-joyin (gaɓar da ke riƙe tayar gaba a ƙafar mota) da tayirod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya). Wannan kada ka jinkirta shi, domin bol-joyin yana iya ficewa ana cikin tafiya.