Ga mai tambaya kan Umma da diclofenac: fara zazzage jakar magungunanta

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya sa kaffara ne.

Kin ce ta haura shekara sittin, gwiwoyinta biyu na ciwo har durƙuso a sallah ya gagara, tana shan maganin hawan jini, kuma wata da watanni ke nan kullum sai ta haɗiyi diclofenac safe da dare, ranar da abin ya motsa sosai kuma a kira mai kemis ya yi mata allura. Kina son sanin ko ta ci gaba a haka, ga shi azumi ya ƙarato. Ni ma amosanin gaɓɓai ya daɗe da kama ni a gwiwa, tun ina koyarwa, hawan jinin nan kuma ina da shi. Ba likita ba ce ni, amma na daɗe ina bin layin asibiti kan wannan ciwo, kuma Allah Ya yi ni da yawan tambaya.

A yadda take shan sa ɗin nan, a'a, kada ta ci gaba. Maganin yana aiki, wannan babu musu, duk wanda ya taɓa kwana gwiwa na zugi ya san daɗin da ake ji idan ƙwayar ta fara ratsa jiki. Shi ya sa ban goyi bayan masu ce miki ki kwashe ki zubar kawai ba. Amma shan sa kullum, ga shekaru, ga hawan jini, ba a taɓa duba ƙoda ba, ganganci ne.

Kafin komai ki zazzage jakar magungunanta a kan tabarma, har da na ƙarƙashin filo da na cikin kwalla. Kada ki tsaya ga babban sunan da ke jikin kwali, ki karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa. Cataflam da Voltaren duk diclofenac ne. Brufen ibuprofen ne, kuma akwai shi a cikin Ibucap. Feldene piroxicam ne. Sai naproxen, meloxicam, indomethacin da celecoxib. Hatta garin Alabukun da ake kaɗawa a ruwa, asfirin ne a cikinsa mai yawa. Duk 'yan gida ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi a jiki, don haka haɗa biyu ba ya ƙara sauƙin kirki, illar ce ke ƙaruwa. Allurar ciwon jiki da ake yi a kemis ma yawanci diclofenac ɗin ne ko ɗan uwansa, wato ranar da aka yi mata, sau biyu ta karɓi abu ɗaya.

Idan kin ga ƙullin leda da ƙwayoyi kala-kala babu suna, wanda ake cewa haɗi, wannan kam ki raba ta da shi. Ban da magungunan da na lissafa, sau da yawa ana jefa prednisolone ko dexamethasone a ciki. Su ne ke sa tsohuwa ta miƙe garau, fuska ta ciko, a riƙa cewa Hajiya ta yi ƙiba, alhali suga na hawa, ƙashi na raguwa, haɗarin gyambon ciki kuma na ƙaruwa. Sai dai idan ta daɗe tana shan haɗin, ki kai wa likita ya gani, don waɗannan biyun ba a yanke su lokaci guda, a hankali ake janyewa.

Abin da ya sa na fahimci haɗarin shi ne bayanin da wata likita ta yi mini. Akwai wani sinadari da jiki ke yi, ana ce masa prostaglandin, shi ke kawo zogi da kumburi a gaɓar da ta lalace. Magungunan nan hana jiki yin sa suke yi, abin da wani masanin Ingila, John Vane, ya gano a 1971 har aka ba shi kyautar Nobel a 1982. To matsalar, wannan sinadarin dai shi ke kare bangon ciki daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, kamar yadda yaɓe ke kare katangar ƙasa daga ruwan damina, kuma shi ke taimaka wa jijiyoyin ƙoda su buɗe jini ya wuce. Maganin ba ya zaɓar gwiwa ya bar sauran. Ta jini yake bi, shi ya sa maganar nan ta cewa allura ba ta taɓa ciki ba gaskiya ba ce. Allura ko matsi ta dubura, duk suna iya kawo olsa.

Yayana manomi ne, shekara da shekaru yana shan haɗi idan ya dawo daga gona. Bai taɓa kukan ciwon ciki ba. Jiri ya fara, da haki idan ya ɗan yi tafiya, idonsa ya yi fari fat. Sai a asibiti da aka matsa masa da tambaya ya faɗi cewa bayan gidansa ya jima da komawa baƙi kamar kwalta, kunya ta hana shi faɗa. Jini ne yake tsiyaya a ciki, sai da aka yi masa ƙarin jini. Tsofaffi da yawa haka abin ke zuwar musu, babu zafin ciki balle a farga. Ki tambayi Umma wannan tambayar ke da ita, cikin sirri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a bayaninki shi ne hawan jinin. Ki duba sunan maganinta. Idan akwai lisinopril ko losartan, kuma akwai mai sa fitsari irin su hydrochlorothiazide, Moduretic ko Lasix, sannan aka ɗora diclofenac a kai, to an haɗa ukun da likitoci suka fi tsoro a kan ƙoda. Ƙoda kuwa ba ta kuka da wuri, sai ta yi nisa ake ganin kumburi, kin kuma san abin da wankin ƙoda ke ci wa iyali a ƙasar nan. Ban da haka maganin na riƙe gishiri da ruwa a jiki, ya rage ƙarfin maganin hawan jini. Ni kaina lokacin da aka taɓa rubuta mini naproxen na ɗan lokaci, awon jinina ya hau, takalmina ya matse ni, da na gama kuma komai ya koma daidai.

Ta ɓangaren zuciya ma akwai magana. A 2004 aka janye wani ɗan gidansu mai suna Vioxx daga kasuwa saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba da diclofenac ga mai ciwon jijiyoyin zuciya, ko wanda zuciyarsa ta gaza, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai hawan jini da mai suga kuma sai an auna sosai. A 2015 hukumar Amurka ta ƙara tsananta gargaɗi kan dangin baki ɗaya, ban da asfirin. Amma mu a nan har a tasha ana tallar sa a faranti, cikin rana. Naproxen ana ganin ya ɗan fi sauƙi ga zuciya, celecoxib ya fi sauƙi ga ciki, amma babu wanda ya bar ƙoda a cikinsu. Idan kuma tana shan ƙaramin asfirin na 75mg ko warfarin, masu hana jini daskarewa, haɗarin zubar jini ya ƙaru.

Ga yadda ni nake yi yanzu, bisa tsarin likitata. Man shafawa na diclofenac shi ne na yau da kullum. Gwiwa ba ta da nisa daga fata, yana ratsawa, kuma abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da ƙwaya. Sai an ɗan jure ana shafawa a kai a kai kafin a ga amfaninsa, kada ta shafa sau ɗaya ta ce ba ya yi. Farasitamol ina sha idan da buƙata, ba ya yin abin mamaki amma yana rage wani abu. Iyakarsa ga babba ƙwaya takwas masu 500mg a yini, tsohuwa marar jiki kuma ƙasa da haka. Ƙwayar kashe kumburi, wato dangin diclofenac, sai ranar da gwiwar ta kumbura ta yi zafi, iri ɗaya tak, mafi ƙarancin abin da zai yi aiki, bayan na ci abinci, na 'yan kwanaki, tare da maganin kare ciki, omeprazole 20mg, da safe. Da ta lafa sai in ajiye. Adadin da ake rubutawa a takardar cikin kwali, 150mg na diclofenac a yini, ko 1200mg na ibuprofen ga wanda ya saya da kansa, iyaka ce, ba wai dole sai an kai can ba. Kuma omeprazole ciki kaɗai yake karewa. Shan madara ko fura a kai ma ba ya maye gurbinsa.

Abin da ya fi ƙwaya yi mini amfani, ko da yake mutane ba sa son ji, motsa jiki ne da rage ƙiba. A sashen gashin ƙashi aka koya mini in zauna a kujera in miƙe ƙafa in riƙe, in sauke, don naman cinya ya yi ƙarfi ya ɗauke wa gwiwa nauyi. Sallah a kujera, sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar da ta fi ciwo, da barin dogon tsuguno wajen wanki da banɗaki. Idan kuna kusa da Kano, asibitin ƙashi na Dala na da wannan sashe, manyan asibitocin gwamnati ma haka.

Batun azumi: jikin da ya bushe shi ne wanda maganin ya fi yi wa ɓarna a ƙoda. Ni an hana ni shan sa da sahur, don yini guda za a yi babu ruwa. Idan ya zama dole, bayan buɗa-baki ne, an ci abinci an sha ruwa sosai. Duk ranar da take amai ko gudawa, kada ta sha sam. Ku je asibiti kafin a ga wata, da jakar magungunan gaba ɗaya, ki roƙi a yi mata gwajin ƙoda, a duba fitsari, a auna yawan jininta. Ki kuma tabbatar an faɗa muku wane irin amosani ne. Idan yatsun hannayenta biyu na kumbura, suna sandarewa da safe har wajen awa guda, wannan wani iri ne daban da ke buƙatar magani kamar methotrexate, kashe zafin kawai yana ɓoye shi ne gaɓoɓin na ci gaba da lalacewa.

Ku matasan da ke karantawa, kada mai juna biyu ta ari maganin gwiwar tsohuwa. Daga mako 20 na ciki ana guje wa dangin nan, Arthrotec kuma, wani nau'in diclofenac, akwai misoprostol a cikinsa, yana iya zubar da ciki. Mai asma ma ta yi hattara, yana tayar wa wasu.

Baƙin bayan gida, aman jini, kumburin ƙafa ko fuska, raguwar fitsari, ciwon ƙirji, ko gwiwa ɗaya ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, duk waɗannan ba a jiran gari ya waye. Sannan ki lallaɓa ta, kada ki ƙwace ƙwayoyin ki bar ta hannu rabbana, don kina fita za ta aiki yaro kemis. Ki sayo man shafawar tun yau, ki shafa mata da hannunki, sannan ki kawo maganar zuwa asibitin.