Makero a jikin maraƙi da hannun yaro: me za a shafa?

Tambaya daga wani mai kiwo a Dukku: Maruƙana sun yi tabo zagaye-zagaye a fuska da wuya, gashi ya zube, wurin ya yi ɓawo fari. Yanzu ya fito a hannun ɗana mai ba su dusa. Wane magani ya fi?

Amsa: Malam, Allah ya sawwaƙe. Fara tabbatarwa makero ne, ba kirci ba. Kirci ya fi tashi da damina a gadon baya, gashi ya dunƙule da ɓawo mai kauri, galibi tare da kaska. Shi allurar oxytetracycline yake so daga hannun likitan dabbobi, maganin makero ba ya taɓa shi.

In makero ne, jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu, ka kankare ɓawon da buroshi, ka ƙone abin da ya zubo. Nan mutane suke kuskure: maganin da aka shafa a kan ɓawo ba ya isa fata. Sai ka shafa aidin kullum, ka kiyayi ido. Clotrimazole ma yana aiki, amma ɗan bututu ba zai ishi garke ba. Ka ware masu ciwon, ka ɗaure su inda rana ke duka, ka wanke igiya da turke da kwami da ruwan bilic, domin ƙwayar cutar tana yin watanni a jikin itace. Baƙin mai kuwa, don Allah a bar shi, dabba tana lasa.

Yaron, daga maruƙan ya ɗauka. A shafa masa man clotrimazole 1% safe da yamma, mako 2 zuwa 4. Terbinafine 1% ya fi sauri, mako 1 zuwa 2, sai dai ya fi tsada. Man Whitfield ya fi araha, amma yana zafi kuma yana ɗaukar lokaci. Ko wanne aka saya, a zarce bakin tabon da santimita 2, kada a daina don ƙaiƙayi ya lafa. Nystatin ba ya kashe makero.

Ka duba kwalin da kyau. In ka ga betamethasone ko clobetasol a ciki, mayar wa mai kemis, suna kwantar da ƙaiƙayi ne cutar tana bazuwa.

Idan makeron ya hau fatar kan yaron, shafawa ba ta kai saiwar gashi. A kai shi asibiti, akan ba da griseofulvin na sha, mako 6 zuwa 8.