Tambaya da Amsa: Wace manhaja ce ta dace da gyaran sauti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne nake ɗaukar karatun malaminmu bayan Magariba da wayata, ina tura wa ɗalibai ta WhatsApp. Ƙarar janareta da fanka tana danne muryar Malam, ga tari da gaishe-gaishe a tsakiya, kuma mutane suna kukan yana cinye musu data. Ina da tsohuwar kwamfuta mai RAM 4GB. Wani mai shago ya ce zai sa min Adobe Audition a kuɗi kaɗan. In karɓa, ko akwai wadda ta fi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka da alheri kan wannan hidima. Kada ka karɓa. Sauko da Audacity, ita ce daidai aikinka, kuma ko sisi ba za ka biya ba.

Audition ba ta da laifi. Tsofaffin ma'aikatan rediyo sun san ta tun tana Cool Edit Pro, kafin kamfanin Adobe ya saye ta a 2003 ya canja mata suna, kuma har gobe wasu da tsohon sunan suke kiran ta. Amma yanzu ba a sayar da ita gaba ɗaya, haya ake biya duk wata ko duk shekara. Don haka abin da mai shagon zai sa maka a kuɗi kaɗan kwafin sata ne da aka fasa. Irin waɗannan sukan zo da cutar kwamfuta a ɓoye, shi ya sa za ka ji an ce sai ka kashe mai gadin kwamfutar kafin a sa. Ga shi kuma tana da nauyi, kwamfuta mai 4GB za ta riƙa numfarfashi. Aikin karatun addini ma bai dace a fara shi da kayan da ba a biya masu shi ba, alhali ga na halal kyauta.

Audacity ta fito a shekarar 2000, wasu mutum biyu ne suka faro ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Daga shafinta na asali, audacityteam.org, za ka sauko da ita. Idan wayarka tana ajiye sauti da sunan da ya ƙare da m4a, kamar yadda wayoyi da yawa suke yi, sai ka ƙara ɗan taimakon da ake kira FFmpeg kafin ta iya buɗe shi. Shi ma kyauta ne, kuma shafin ya nuna yadda ake sa shi.

Yanke tari da gaishe-gaishe ba wuya. Za ka ga sautin a zane, ka shafa wurin da ba ka so da linzami, ka danna Delete. In ka yi ɓarna, Ctrl da Z suna mayar da abin da ka goge. Shawara ɗaya: kada ka yanke duk shirun da Malam ya yi. Idan ya karanta matani ya ɗan dakata kafin fassara, wannan dakatawar ɗalibi yake amfani da ita ya bi layi a littafinsa.

Ƙarar janareta ita ce inda ake buƙatar natsuwa. Nemo wurin da ba wanda yake magana, daƙiƙa biyu ko uku, inda inji da fanka kaɗai ake ji. Shafa wannan gutsuren, ka shiga Effect, ka buɗe Noise Reduction, ka danna Get Noise Profile. Da haka ka nuna wa manhajar irin ƙarar da kake so ta cire. Sai ka zaɓi sautin gaba ɗaya da Ctrl da A, ka sake buɗe wurin, ka sa ragin tsakanin 6 zuwa 12, ka saurari gwaji kafin ka amince. A nan mutane suke zarce gona da iri. Su ja ragin har ƙarshe don ƙarar ta ɓace ɗungurungum, sai muryar malami ta koma kamar yana magana daga cikin rijiya. Ni na fi son a bar ɗan gurnanin inji a ƙasa, muryar ta fito yadda ɗalibai suka san ta. Daga yau, kafin Malam ya yi bismillah, ka kunna wayar ta ɗauki ƙarar ɗakin na ɗan lokaci, don ka samu gutsuren da za ka yi wannan aikin da shi.

Sai dai wannan dabarar tana cin ƙarar da ba ta canjawa ce kawai, irin ta fanka da inji. Hon ɗin Adaidaita Sahu ko kukan yaro ba ta iya musu komai, Audition ma a nan sai ka zauna kana bin su ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma idan ka ajiye waya a bakin lasifikar masallaci har sautin ya fashe, ba manhajar da za ta dawo da shi yadda yake. Da kuɗin da za ka ba mai shago, gara ka sayi ƙaramin makirufo mai maƙalawa a wuyan riga, ka nemi izinin Malam ka maƙala masa, ka kashe fankar da take kansa in zai yiwu. Wannan kaɗai zai rage maka rabin aikin.

Batun data kuwa lissafi ne. Karatun awa ɗaya a WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba, yana kai wa wajen 600MB. Idan ka fitar da shi a MP3, ka zaɓi mono (sauti mai layi ɗaya) da inganci na 64 kbps, bai kai 30MB ba, kuma ga magana kunne ba zai ji wani bambanci ba. Ka kula, abin da Audacity take ajiyewa in ka danna Ctrl da S fayil ɗin aiki ne mai ƙarewa da aup3, waya ba za ta buɗe shi ba. Wanda za ka tura wa jama'a ta Export ake fitar da shi. Amma ka riƙa danna Ctrl da S ɗin akai-akai, musamman in batirin kwamfutar ya mutu kuma wutar NEPA kake dogaro da ita. Asalin abin da ka ɗauko daga waya kuma ka adana shi daban, kada ka goge.

In ka ga maɓallan Audacity sun yi maka yawa, akwai Ocenaudio, 'yar ƙasar Brazil, ita ma kyauta. Ba ta da nauyi, kuma kana jin canjin da kake yi tun kafin ka tabbatar da shi.

TAMBAYA: Ni waƙa nake so in fara haɗawa a gida, Audacity za ta yi? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa, za ta ɗauki muryarki, amma ba don haɗa kiɗa aka gina ta ba. Masu kiɗan fiyano sun fi riƙe FL Studio ta ƙasar Beljiyam, wadda aka fara sani da FruityLoops. In kin saya sau ɗaya, sabuntawa kyauta ce har abada. Idan kuma ɗora murya kan murya ne da amshi, ki gwada Reaper. Ƙarama ce, tsohuwar kwamfuta tana ɗaukar ta, ana ba da kwana 60 na gwaji ba tare da an rufe komai ba, lasisin mai aikin gida kuma dala 60 ne. Ki cinye kwanakin gwajin tukuna, ki haɗa waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan ki yanke shawarar biya.